Sabuwa ta ƙi, tsohuwa ta karɓa: lamarin manhajar wani shagon taki a Sakkwato

Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma yawancin abin da ake kawo mini a Sakkwato bai wuce uku ba: ƙura ta toshe fanka, zafi ya dafa batir, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone caja. Shi ya sa ranar da wani Alhaji mai sayar da taki da iri da maganin feshi ya kira ni ya ce manhajar shagonsa tana buɗewa a wata kwamfutar tana ƙi a wata, hankalina bai je ko'ina ba sai wajen waɗannan ukun. Kuskure na yi, kuma kuskuren ya ci mana kusan mako biyu ana gab da faɗuwar damina, lokacin da mai taki ba ya son ko awa ɗaya ta tafi a banza.

Ɗan yayata ne ya rubuta manhajar, kuma ni na haɗa shi da Alhaji, don haka abin ya zo mini ta fuska biyu. Aikinta bai da yawa: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wane manomi ya ɗauki bashi zai biya da kaka, sai buga rasit da rufe lissafin rana. Da harshen C++ ya rubuta ta, a kan kwamfutarsa ta cinya mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 zubi na takwas. Saboda sabis ba shi da tabbas a hanyar Illela, sai ya tsara kowace kwamfuta ta riƙe nata rumbun bayanai, in an samu intanet a tura wa babban shago.

Kwamfutocin Alhaji huɗu ne. Ta babban shago, kusa da Babbar Kasuwa, ta tebur ce 'yar Beljiyam mai Core i5-4570. Ta reshen Illela ita ma ta hannu ce, Core i5-2400. A sito akwai wata tsohuwa mai Core 2 Duo E8400 wadda ta ga jiya ta ga yau. Ta huɗun ita ce abin alfaharin Alhaji: ta cinya, sabuwa fil, daga kwali aka ciro ta don reshen Gwadabawa, mai Celeron N4020.

A babban shago manhajar ta yi aiki ba gardama. A sito da Gwadabawa kuwa, in ka danna ta sai alamar jira ta ɗan juya, shi ke nan, ko taga ba ta buɗewa. Ta Illela ce ta fi ɗaure kai. Tana buɗewa, a shigar da kaya, a buga rasit, a yini ana ciniki, amma da an danna rufe lissafin rana sai ta ɓace daga allo kamar an hure fitila.

Na yi duk abin da mai gyara ke yi in bai gane ciwo ba. Na hure ƙura. Na canza RAM a ta sito. Na bi da maganin bairos. Ta Gwadabawa sau biyu ina yi mata fomat. Ɗan yayata kuma maganarsa ɗaya ce: "Kawu, wallahi ga tawa lahiya lau take aiki." Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta sayar da buhu ko ɗaya a Gwadabawa. Ana cikin haka wani mai sayar da kwamfuta ya ba Alhaji shawarar ya zubar da ukun ya sayi masu ƙarfi. Alhaji ya kira ni da dare, ya ce: "Injiniya, ta sito na yarda ta tsuhwa. Amma wagga ta Gwadabawa sabuwa ta, cikin kwali munka ɗauko ta. Ta ina tsohuwar shago taf fi ta?"

Tambayar tasa ce ta sa na daina taɓa ƙarfe na buɗe Event Viewer, wurin da Windows ke rubuta dalilin mutuwar kowace manhaja. A duk ukun lamba ɗaya na tarar: 0xc000001d. Ma'anarta ita ce an miƙa wa furosesa umarnin da bai sani ba. Da na fara da nan, da ban ɓata kwana goma ba.

Ga yadda abin yake. Furosesa ba ya karanta C++. Wannan harshe ne na mutane. Akwai wata manhaja da ake kira kwamfaila, aikinta aikin tafinta ne: ta ɗauki abin da mutum ya rubuta ta juya shi zuwa ƙananan umarni, ɗauko wannan lamba, ninka ta da waccan, ajiye a can. Da zarar an juya an fitar da fayil mai .exe, magana ta ƙare, umarnin da ke ciki ya zauna ke nan. Shi kuma furosesa, iyakar umarnin da ya sani tun daga masana'anta aka gina shi da su. Ƙarin RAM ba ya koya masa sabo, sabunta Windows ba ya koya masa, fomat balle. In ya ci karo da wanda ba a gina shi da shi ba sai ya tsaya cak ya sanar da Windows, ita kuma ta kashe manhajar nan take.

Kuma umarnin nan ƙaruwa suke yi zubi bayan zubi. Kamfanin AMD ne ya fito da tsarin x86-64 a 2003, Intel ta biyo baya, kuma duk furosesan wannan gida ya san tushen, har da rukunin umarnin da ake kira SSE2. Daga nan aka yi ta ɗori. Core 2 na 2006 ya zo da SSSE3, ƙannensa irin E8400 suka ƙara SSE4.1. Nehalem na 2008, wato Core i7 na farko, ya kawo SSE4.2 da POPCNT. Sandy Bridge na 2011 ya kawo AVX. Haswell na 2013 ya kawo AVX2 da FMA da BMI. Sabo yana riƙe da na magabatansa ya ƙara nasa, shi ya sa tsohuwar manhaja kusan kullum takan yi aiki a sabon furosesa. Komawa baya ce ba ta da tabbas. A 2020 Intel da AMD da Red Hat da SUSE suka zauna suka kasa abin hawa huɗu don sauƙin magana: x86-64 na tushe, sai v2 mai SSE4.2 da POPCNT, sai v3 mai AVX2 da 'yan rakiyarsa, sai v4 mai AVX-512.

Na sa CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, a filash na duba na kusa, na Illela kuma na tura wa yaron shago ta WhatsApp, ya buɗe ya ɗauko mini hoton allo. A layin da ke jera umarni komai ya fito fili. Core i5-4570 na babban shago Haswell ne, yana da AVX2 da FMA, hawa na uku. Core i5-2400 na Illela Sandy Bridge ne, yana da AVX amma ba AVX2, ba FMA. Core 2 Duo ko hawa na biyu bai kai ba. Sai sabuwar Alhaji: Celeron N4020 ya fito a 2019, shekara shida bayan na babban shago, amma babu AVX a cikinsa ko kaɗan. Iyakarsa SSE4.2.

Wannan shi ne wurin da mutane da yawa ke faɗawa, har da masu sana'ata. Muna auna kwamfuta da shekarar saye, alhali Intel ta daɗe tana fitar da gida biyu a shekara ɗaya. Celeron masu harafin N daga zuriyar Atom suke, an yi su don araha da ƙarancin cin wuta, kuma har zuwa irin N4500 na 2021 ba su da AVX. Hatta Pentium da Celeron da aka yanko daga Sandy Bridge ko Haswell ko Skylake, an rufe musu AVX don a bambanta su da Core masu tsada. Su kuwa irin waɗannan su ne suka cika shagunanmu a matsayin sababbi, domin su ne kuɗin talaka ke kaiwa, batirinsu kuma yana jure rashin wuta. Ba laifin Alhaji ba ne da ya saye ta. Ga rasit da lissafin buhu ta isa har ta yi saura.

Saura sanin wa ya ce wa kwamfaila ta yi amfani da AVX2, domin a mafi yawan wurare in ba ka ce mata komai ba, GCC, kwamfailar da aka gina manhajar da ita, takan tsaya kan tushe, abin da ta fitar ya yi aiki a kowane furosesa mai 64-bit. Na ce wa ɗan yayata ya buɗe fayil ɗin da ke tsara ginin manhajar. Ga shi nan a layi ɗaya: -march=native. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, cewa anka yi yana ƙara sauri." Yana ƙarawa kam, a wasu ayyukan. Amma abin da layin ke cewa shi ne: duba furosesan da kike kai yanzu, ki yi amfani da duk abin da ya sani. Tela ne ya auna jikinsa ya ɗinka riga, sannan ya aika wa mutum huɗu. Wanda jikinsa ya zo ɗaya da na tela ta shige shi, sauran ko wuya ba ta wuce ba. In manhajar a kwamfutarka kaɗai za ta zauna, babu aibi. In za ta bar ɗakinka, layin nan tarko ne.

A gefe guda, sa'a ma ya yi da kwamfutarsa zubi na takwas ce. Da zubi na 11 ce, irin Tiger Lake mai AVX-512, da manhajar tana iya faɗuwa har a babban shago, har ma a kan zubi na 12 da ya fi tasa sabunta, domin Intel ta janye AVX-512 daga Alder Lake, wato zubi na 12 ɗin. Wato ko a cikin Core ɗin ma, ƙane ba kullum yake gadon duk abin da wa ya sani ba.

Da wannan muka gane halin ta Illela. Kwamfaila ba ta zuba sababbin umarni a ko'ina, sai inda ta ga za su yi amfani. Da aka ba ta izinin AVX, sai ta rubuta ko ƙaramin lissafi mai ɗigo da salon AVX, shi ya sa ta sito da ta Gwadabawa suka faɗi tun a bakin ƙofa. Sandy Bridge ya san wannan salon, ya wuce. Amma a wajen rufe lissafi akwai inda ake ninka farashi da yawan buhu a tara a kan jimla, layi bayan layi. Ninkawa da tarawa a numfashi ɗaya shi ne ainihin aikin FMA, kuma GCC takan haɗe su da kanta in an ce mata furosesa ya iya. Nan ne i5-2400 ke cin tuntuɓe kowace yamma. A nan na kuma gano yaron yana ajiye kuɗi a lamba mai ɗigo. Na ce masa ya mai da komai kwabo, cikakkiyar lamba, domin FMA sau ɗaya take daidaita ƙarshen lamba, hanyar da ba ita ba sau biyu, sai kwamfuta biyu su iya saɓawa a can wutsiyar jimla ɗaya. Mai bin bashin taki ba ya son jin cewa Illela da Sakkwato sun saɓa ko da kwabo ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa ba faɗuwar ba ce. Manhajar da ta faɗi ai ta sanar da kai. Akwai umarni biyu da suka zo wa Intel tare da Haswell, LZCNT da TZCNT, waɗanda tsohon furosesa ba ya ƙin su. An rubuta su da kamannin wasu tsofaffi, BSR da BSF, sai tsohon ya ɗauka tsofaffin ake nufi, ya yi aikin, ya ba da wata amsa dabam ba tare da ko tari ba. In ka ba LZCNT lamba 1 a ma'aunin 32-bit, amsarsa 31. In tsohon furosesa ya karanta shi a matsayin BSR, amsarsa 0. Ta Illela kuwa ta yi kwanaki tana karɓar ciniki da ginin da aka yi wa furosesan da ba nata ba. Don haka na sa aka kawo littafin hannu na reshen, wanda Alhaji bai taɓa yarda a daina rubutawa ba, muka bi shi layi-layi da abin da ke cikin kwamfuta. Sun zo daidai. Amma sai da muka duba na samu barci.

Gyaran farko bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Gardamar da muka yi ita ce a kan wane hawa za a tsaya. Yaron ya so x86-64-v2, wai ai duniya ta wuce tushe. Na tuna masa Core 2 Duo na sito ba shi da SSE4.2 ba shi da POPCNT, kuma Alhaji bai ce zai canza ta ba. Muka sa -march=x86-64 tare da -mtune=generic. Bambancin biyun yana da kyau a riƙe: -march shi ke faɗin umarnin da aka halatta, -mtune kuwa jera halatattun kawai yake yi yadda za su fi gudu, ba ya shigo da baƙo. Ya sake ginawa. Illela ta rufe lissafi a daren. A sito da Gwadabawa taga ta buɗe karo na farko.

Ta buɗe, sannan ta ce ba ta ga rumbun bayanai ba.

Wannan ne hawa na biyu na matsalar, kuma shi ne wanda ba a gyarawa da layi ɗaya. Manhajarka ba kai kaɗai ka gina ta ba, tana tafe da kayan da wasu suka riga suka gina, su ma da nasu zaɓin. Yaron MongoDB ya sa a matsayin rumbun bayanai a kowace kwamfuta, kuma tun daga fitowa ta 5.0 a 2021 MongoDB tana buƙatar AVX. Ba ɓoyewa suka yi ba, yana rubuce a takardunsu: Core daga Sandy Bridge zuwa sama, Celeron da Pentium kuwa daga Tiger Lake. Mu ne ba mu karanta ba. Ashe tun ranar farko rumbun bai taɓa tashi a waɗannan biyun ba, faɗuwar manhajar ce ta rufe mana ido. Irin wannan ba a MongoDB ya tsaya ba. TensorFlow, kayan aikin ƙirƙirarriyar basira, da ake saukewa a shirye tana neman AVX tun fitowa ta 1.6 a 2018, kuma ɗalibai da dama da suka kawo mini Celeron suna kukan aikinsu na ƙarshe ya ƙi tashi, yanzu na fahimci abin da ya same su.

Hanya biyu ta rage. Ko a koma MongoDB 4.4, wadda ba ta neman AVX amma an daina yi mata gyaran tsaro tun Fabrairun 2024, ko a canza rumbu. Ban yarda a ɗora bashin manoma a kan abin da masu shi suka saki ba. Yaron ya koma SQLite, wadda fayil ɗaya ce, ana gina ta tare da manhajar da zaɓinka na kanka, kuma ba ta cin RAM ɗin da Celeron ba shi da shi. Ya kwana huɗu yana sauya rubutun. Ya yi ƙorafi, amma ko ba don AVX ba, ita ta fi dacewa da shago mai kwamfuta ɗaya.

Batun sauri, wanda shi ya jawo duk wannan, ba mu ga ya ragu da ido ba. AVX2 yana sarrafa bit 256 a tashi ɗaya, SSE kuwa 128, wato lamba takwas maimakon huɗu. Wannan riba ce ta gaske ga mai tace bidiyo ko mai horar da ƙirƙirarriyar basira. Manhajar shago kuwa yawancin ranarta jira take yi: jiran yatsan yaron shago, jiran faifai, jiran firinta. Wanda kuma yake buƙatar saurin da gaske ba sai ya kori tsofaffi ba. Akwai umarnin CPUID, da shi manhaja ke tambayar furosesa me da me ka sani, sai ta zaɓi hanya. Haka FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, ke yi, shi ya sa gini ɗaya ke gudu a tsoho da sabo. A GCC akwai target_clones, ka sa wa aiki ɗaya mai nauyi a gina shi kashi biyu, manhaja ta ɗauki wanda ya dace lokacin tashi, in tsarin da kake ginawa a kai ya yarda da hakan. Don gwaji kuma akwai Intel SDE, mai kwaikwayon tsohon furosesa ta nuna maka umarnin da zai ƙi. Yaron ya sauke ta, amma na ce masa kafin kowane sabon gini ya tafi reshe, ya bi ta sito ya gwada a kan E8400 da hannunsa.

Ra'ayina a nan ba na ɓoye shi. Manyan kamfanoni suna ɗaga ƙasan da suke tsayawa a kai, kuma suna da dalilinsu. Chrome ta fara neman SSE3 a 2021. Red Hat Enterprise Linux 9 na 2022 ba ya tashi sai da v2, na 10 a 2025 sai da v3. Windows 11 ta 24H2 ba ta tashi a furosesan da ba shi da POPCNT. Su suna duba kwamfutocin da ke hannun masu biyansu ne. To kwamfutocin da waɗancan suka sallama, su ne ake lodawa a kwantena su iso kasuwanninmu, su yi shekaru suna aiki a shagon magani da makaranta da wurin buga takardu. Mai rubuta manhaja a Sakkwato da ya kwafi ma'aunin Amurka ya kori rabin masu sayensa da hannunsa, bai ma sani ba. Debian, wani nau'in Linux, har yanzu a kan tushe take gina nata, kuma ban ga ta rasa daraja ba.

Da na je yi wa Alhaji bayani ban ambaci AVX ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, kwamfutocinka lahiyarsu lau, ɗinkin ne anka yi ga jikin mutum guda, yanzu an buɗa shi." Ya tambaya ko akwai wadda zai canza. Na ce ta sito tana da wa'adi, domin Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Core 2 Duo ba za ta hau 24H2 ba ko an yi mata dabara. Na ƙara masa da wani abin da ni kaina ya ba ni dariya: a jerin da Microsoft ta amince da su don Windows 11, Celeron N4020 na Gwadabawa yana ciki, Core i5-4570 na babban shago da ya fi shi sanin umarni ba ya ciki, saboda jerin Core kusan duka daga zubi na takwas ya fara, shi kuwa na huɗu ne. Ya yi shiru yana kallon kwamfutar tebur ɗin, sannan ya ce a bar wannan magana sai kaka, in manoma sun biya bashi.